Yadda Muka Tara Kuɗin Rigunan Kariya: Darasi Ga Ajin Da Ke Son Kafa Gidauniya

Tun ranar da aka nuna rigunan nan masu ruwan lemo a filin taro, 'yan wasu azuzuwa ke tare mu suna tambaya, "Wai ku 'yan aji biyu ina kuka samo kuɗi?" Har mun ji ana cewa wani ɗan siyasa ne ya ba mu. To babu wanda ya ba mu. Tarawa muka yi da kaɗan-kaɗan cikin wata uku. Shi ya sa malamar da ke kula da ƙungiyar 'yan jarida ta ce mu rubuta yadda aka yi, har da wuraren da muka yi kuskure, ko wani aji zai amfana.

Mu 64 ne a ajinmu. Takwas daga cikinmu 'yan ƙetaren ruwa ne. Suna zaune wurin 'yan uwa a nan Yelwa, ran Juma'a bayan an sauko masallaci su shiga jirgi su tafi gida, ran Lahadi da yamma su dawo. Wanda ya saurari darasin tarihi ya san ruwan nan bai kai haka faɗi ba a zamanin kakanninmu. A shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, Kogin Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya cinye tsibirai da garuruwa da gonaki, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu wurin zama. Itatuwa da yawa ruwa ya rufe su a tsaye, kuma har yau kututturansu suna nan a ƙasa, jirgi na iya hawa kansu matuƙi bai gani ba. Muna firamare lokacin da jirgi ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ranar 26 ga Mayu 2021, da mutane fiye da 150 a ciki. Duk masarautar Yauri, daga Ngaski har Shanga, an yi wannan zaman makoki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumomi irin su NIWA da HYPPADEC sun raba rigunan kariya a wasu tashoshin jirgi, amma ruwan da faɗi, jiragen kuma da yawa.

Wata Litinin ɗaya daga cikin takwas ɗin ta zo da littattafanta a jiƙe, tawada duk ta narke. Iska ce ta taso musu a tsakiyar ruwa, ita da mata biyu suka yi ta kwarfar ruwa da ƙwarya har suka kai gaɓa. Ta ba da labarin tana dariya, amma mu ba mu yi dariya ba, domin mun san ba ta iya iyo ba. A ranar maganar riguna ta fara.

Ku fara da sanin abin da kuke nema

Da farko mun rubuta "Taimakon Ɗalibai" a jikin gwangwanin madara, muka riƙa zagayawa da shi. Kwana uku ba mu sami abin kirki ba. Malamin ajinmu ya duba gwangwanin ya ce, "Taimakon waɗanne ɗalibai? Na me? Nawa ne? Ni ma da kuka zo wurina ban san abin da zan ba ku ba." Sai ya tura mu mu tambayo farashi. Mahaifin wani ɗan ajinmu direba ne, ya tambayo mana, aka ce masa naira 9,000 kowace riga. Riga 8 ke nan naira 72,000. Daga ranar muka daina cewa taimako, muka koma cewa, "Riga takwas muke nema saboda yara takwas da ke haye ruwa duk mako." Mutumin da ya ji haka yakan tsaya ya saurara, domin shi ma yana da wani a ƙetare.

Bayan nan muka rubuta wa shugaban makaranta takarda. Kada ku tsallake wannan. Ya amince, amma da sharaɗi uku: ba mai barin darasi saboda ciniki, ba mai fita talla a gari ko tasha, kuma kuɗi ba zai kwana a hannun ɗalibi ba. A lokacin mun ga kamar ya takura mana. Na ukun nan kuwa da mun kiyaye shi tun ranar farko, da ba a yi kukan da za ku ji a gaba ba.

Malamar Turanci ce ta ba mu labarin yadda yaran makaranta ke yi a Amurka da Ingila. Suna gasa kek a gida su kawo makaranta su sayar, ko su wanke motocin unguwa ran Asabar, ko su sayar da tikiti a ciro lambar mai rabo. Ta ce 'yan mata 'yan sikawut na Amurka tun 1917 suka fara sayar da biskit don tara kuɗi, a wani gari da ake kira Muskogee a jihar Oklahoma, kuma har yanzu ba su daina ba. Muka ce, Malama, wa zai sayi kek a nan da kuɗin tara? Ta ce ai ba kek ɗin ta ce mu kwaikwaya ba. Da muka yi tunani sai muka ga abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu na yin gayya a gonar shinkafa, iyayenmu mata na adashi, ana kai gudummawar biki, ana kafa gidauniyar gyaran masallaci. Abin da ya rage mana shi ne mu duba abin da mutanen nan ke saye. Muka tsaya a kan zoɓo, da wankin babur, da tikiti.

Ranar zoɓo, da abin da ya biyo baya

Kowa ya ba da naira 200 daga kuɗin tara, muka haɗa jarin naira 12,800. Muka ciri naira 6,500 muka sayi zoɓo da sukari da citta da kanumfari da leda da ƙanƙara. Mahaifiyar monita ce ta dafa mana a gidanta. Ta sa an tafasa ruwan, ta sa masu ƙullawa sun wanke hannu da sabulu, ta ce ba za a ce zoɓon gidanta ya sa wa ɗan wani amai da gudawa ba. Aka ƙulla leda 180, kowace naira 50.

Kafin a koma aji daga tara, kula ta zama wayam. Muka juye gwangwani muka ƙirga, naira 7,300. Aji ya kaure da tafi, wasu har da buga benci. Ana cikin haka malamin lissafi ya shigo. Ya tambayi abin da ya faru, muka gaya masa mun ci ribar naira 7,300. Bai ce komai ba, ya ɗauki alli ya rubuta 7,300, ya rubuta 6,500 a ƙasa, ya ja layi. Saura 800. Ya ce, "Wannan ce ribarku. Na cikin gwangwani sunansa ciniki." Sannan ya rubuta 180 sau 50, ya fito 9,000. Ya juyo ya ce, "Ina naira 1,700?"

Aji ya yi tsit. Can daga baya wani ya ce a tambayi ma'ajiya, ai da gwangwanin ta je bayan aji ita kaɗai. Nan take magana ta bazu. Kafin a tashi, har 'yan aji uku sun ji wai ma'ajiyar aji biyu ta ci kuɗin riguna. Yarinyar nan ta kifa kai a benci ta yi ta kuka. Washegari ba ta zo makaranta ba, yayanta ya zo a madadinta ransa a ɓace, ya ce in kuɗi ne a faɗi nawa ne ya biya, amma a daina ɓata wa ƙanwarsa suna.

Malamin lissafi ya ce ba wanda zai biya komai sai an bi sawun kowace leda. Naira 1,700 leda 34 ce. Ya sa duk wanda ya tsaya wurin kula ya miƙe ya faɗi gaskiya. Sai ga shi leda 15 an ba abokai bashi, ba wanda ya rubuta sunansu. Leda 8 sun fashe a ƙasan kula. Leda 11 kuwa mu masu sayarwa ne muka shanye, kowa yana ganin ai ɗaya ce kawai, kuma ya sha rana. (Akwai wanda ya sha uku. Ba za mu faɗi suna ba, ya san kansa.) In kun haɗa 15 da 8 da 11 za ku sami 34 daidai. Ko sisi ma'ajiya ba ta taɓa ba. Ta je bayan aji ne don ta ƙirga kuɗin inda ba hayaniya.

Mu goma muka je gidansu da malamin ajinmu muka ba da haƙuri. Mahaifiyarta ta ce ta yafe, amma 'yarta ba za ta sake riƙe kuɗin kowa ba. Sai da Malam ya yi ta lallashi, ya bayyana mata sabon tsarin, sannan ta yarda. Mu dai har yanzu in muka tuna muna jin kunya, domin wanda ya fara maganar mutum ɗaya ne, amma mu duka muka yi shiru.

Ga tsarin da muka koma bi, kuma shi muka fi so ku kwafa daga wannan bango. Kafin a fara ciniki a ƙirga kaya a rubuta. In an gama a ƙirga abin da ya rage da wanda ya lalace. Mutum biyu ke ƙirga kuɗi a gaban aji, na uku yana rubutawa a littafi da biro, kada a yi da fensir. A ranar ake kai kuɗin ofishin mataimakin shugaban makaranta, ya sake ƙirgawa ya sa hannu. Duk Juma'a a rubuta jimla a kusurwar allo inda kowa zai gani. Ba bashi, ko ga monita, ko ga malami. Mai sayarwa in yana jin ƙishirwa ya sa naira 50 ɗinsa kamar kowa. Littafin nan naira 300 Malam ya saya mana, kuma shi ne ya wanke ma'ajiya ya hana a sake zargin wani.

Wani abu kuma da muka gano a makare: ba komai ake saye ba. Mutane da yawa ba su da kuɗin bayarwa amma suna da kaya. Da muka fara tambaya, wata ta ba mu kwano biyu na busasshen zoɓo daga gonarsu, wani mai shago ya ba mu leda, mai firji a unguwarmu ya ce mu riƙa kawo ruwa yana daskarar mana in akwai wuta. Duk abin da aka ba ku kyauta ya rage jari, riba ta ƙaru.

Saura kaɗan mu yi wani kuskuren. Mun shirya ƙara awara da fanke, sai wata 'yar ajinmu ta ce, to Inna fa? Tana nufin tsohuwar da ke sayar da awara da fanke a bakin ƙofar makaranta, wadda da wannan cinikin take ciyar da jikokinta. Muka je muka gaishe ta muka gaya mata. Ta ce, "'Ya'yan nan, Allah Ya yi muku albarka da kuka zo kuka faɗa mini. Ku yi zoɓonku da ƙuli-ƙuli, ni ba na yin su. Wanda ya ci awarata ma ai zai nemi abin sha." Haka kuwa aka yi. Muka kafa teburinmu kusa da ita, har canji take ba mu in namu ya yanke. Cikin mako shida, Talata da Alhamis, zoɓo da ƙuli-ƙuli suka kawo ribar naira 21,400.

Wankin babur bai ba mu wahalar tunani ba, wahalar jiki ce kawai. Motoci ba su da yawa a unguwar makaranta, amma 'yan kabu-kabu ko'ina. Wasu sun so a yi a bakin ruwa don kada a sha ɗiba, shugaban makaranta ya ce sam, ba za a je neman rigar kariya a rasa yaro a ruwa ba. Sai muka yi a gefen katangar makaranta da jarkoki, Asabar uku, malami ɗaya yana zaune. Mun je wurin shugaban 'yan kabu-kabu tun da wuri, shi ya sanar da mutanensa. Babur 70 muka wanke a kan naira 300, ya zama naira 21,000. Aka cire naira 3,000 ta omo da soso, saura naira 18,000. Ku kiyayi watsa ruwa a filogi da cikin salansa. Wani babur ya ƙi tashi bayan mun wanke shi, muka yi ta turawa har kwanar titi, mai shi yana faɗa.

Tikitin da ba mu sayar ba

Tikiti ne muka fi sa wa rai. Wani mahaifi ya ba mu zakara babba. Lissafinmu shi ne mu buga tikiti 300 a kan naira 100, a zuba lambobi a ƙwarya, wanda aka ciro tasa ya tafi da zakara. Har mun fara yanka takardu sai malamin addinin Musulunci ya ji labari ya kira mu. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye mu, "Wanda ya ba da naira 100, me ya saya?" Muka ce tikiti. Ya ce, "In ba a ciro lambarsa ba, me ya samu?" Muka ce ba komai. Ya ce to duk inda mutum ya sa kuɗi don ya ci na wasu, ko ya ci ko a cinye nasa bisa sa'a, caca ce, kuma an hana ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Wani ya ce, Malam, ai don taimako ne. Ya ce kyakkyawar niyya ba ta canza sunan abu, kuma iyaye da yawa in suka ji za su janye hannunsu daga gidauniyar gaba ɗaya. Mun ji zafi, don a takarda naira 30,000 ce muka gani ta tafi.

Wata 'yar ajinmu Kirista ce ta kawo mafita. Ta ce a cocinsu lokacin godiyar kaka mutane na kawo doya da kaji da hatsi, a yi gwanjonsu, wanda ya fi tayi ya biya ya ɗauka. Muka koma wurin Malam, ya ce wannan ciniki ne, ba laifi, domin wanda bai saya ba kuɗinsa na aljihunsa. Sharaɗi ɗaya ya ba mu: kada mu sa wani ya riƙa tayin ƙarya don ya ɗaga farashi.

Muka roƙi a ba mu rabin awa a ƙarshen taron iyaye da malamai. Kafin ranar kaya sun ƙaru. Bayan zakara, ga kwandon albasa, ga busasshiyar tarwaɗa da iyayen 'yan ƙetare suka aiko, ga tabarma biyu. Kafin a fara, ma'ajiya ta tashi ta karanta littafin lissafi tun daga naira 800 ta ranar farko, har da leda 11 da muka shanye. Iyaye suka yi ta dariya. Wani dattijo ya ce shi ya daɗe yana zuba kuɗi a gidauniyoyi, amma yau ne aka fara karanta masa inda kuɗi ya shiga. Shi ya sayi zakaran, bayan sun yi ta ja da wani mahaifi, sannan ya ce a mayar a sake gwanjonsa. Zakara ɗaya sau biyu aka sayar da shi. Ranar mun tashi da naira 27,500, kuma ba jarin da za a cire.

Ga lissafin duka, mai shakka ya ɗauko biro. Ranar farko 800. Zoɓo da ƙuli-ƙuli 21,400. Wankin babur 18,000. Gwanjo 27,500. Jimla naira 67,700. Aji ya yarda kowa ya bar naira 200 ɗinsa ta jari, aka ƙara 12,800, ya zama naira 80,500.

Mun ɗauka har rara za mu samu. Da direban nan ya koma saye, sai aka ce masa riga ta koma naira 11,000. Wata uku ne kawai tsakani. Da mun sani da tun farko mun ɗora wani abu a kan abin da muke nema, ko mu riƙa sayen riga ɗaya-ɗaya da zarar kuɗinta ya cika. Akwai masu araha, amma na manya ne, kuma wani matuƙin jirgi ya gargaɗe mu cewa rigar da ta yi wa yaro yawa tana iya zamewa ta kansa in ya faɗa ruwa. Ya ce a duba nauyin da aka rubuta a jikinta, a gwada, a ɗaure igiyoyin duka, a kama kafaɗun rigar a ja sama a gani ko za ta fita. Saboda haka muka sayi 7 daidai jikinsu a kan naira 77,000. Saura naira 3,500 a ofishin mataimakin shugaban makaranta.

Rigunan na aji ne. An rubuta lamba a bayan kowace, ana ɗauka ran Juma'a a sa hannu, a dawo da ita ran Litinin. Na takwas ɗin, wanda ya fi su iya iyo, shi ya ce a fara ba sauran. Mun gode masa, amma malamin ajinmu ya ce ko gwanayen da ke tsere a bikin Rigata ba sa wasa da iskar tsakiyar ruwa. Naira 7,500 ta rage a cika kuɗin rigarsa, in farashi bai sake tashi ba.

Teburin zoɓo yana nan kusa da Inna, Talata da Alhamis lokacin tara, leda naira 50. Littafin lissafi yana wurin malamin ajinmu ga duk mai son dubawa. Waɗanda suka karɓi leda 15 ɗin nan ta ranar farko kuma, har yanzu ana jiran naira 750.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.